Sakan Arba'in na Matar Direba

Ɗakin da Baba Reza ya shekara talatin da huɗu yana aiki a ciki ba shi da taga. An manne bangonsa da soso mai launin toka, an yi masa ƙofa biyu, ɗaya bayan ɗaya, don kada hayaniyar titi ta leƙo. Duk wanda ya fara shiga sai ya ji kamar an cusa masa auduga a kunne, can kuma ya soma jin bugun jininsa. Masu shara ba sa son ɗakin. Sun ce ko tsintsiya ba ta magana a cikinsa.

Aikinsa wankin murya ne. Duk wanda aka ji a labaran gidan rediyon nan, ta hannunsa ya biyo. Shi ke cire tari da haɗiyar yawu da in'ina da dogon shirun da mutum kan yi in kalma ta ɓace masa. A zamanin kaset yakan sa alama da alli, ya yanka zaren da reza a karkace, ya haɗa bakin biyu ya liƙe, daga nan sunan ya bi shi har 'ya'yan abokan aikinsa suka tashi ba su san yana da wani ba. Yanzu kwamfuta ce. Murya takan fito a gilashi kamar jerin duwatsu kore, shiru kuma layi ne miƙaƙƙe, kamar ruwan tafki ranar da babu iska. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: ba a taɓa jin ɗinkinsa ba. Manya da yawa sun shiga ɗakin nan suna kame-kame, sun fito ta rediyo kamar da magana aka haife su.

Matarsa, tsohuwar malamar firamare, ta daɗe da gane cutar da aikin ya sa masa. In tana ba shi labari ta tsaya laluben kalma, sai ta ga ɗan yatsansa yana motsi a kan gwiwa.

"Yanke ni, Malam, yanke," takan ce. "In ka gama ka zuba mini ragowar a kwano, kaji za su ci."

Ragowar kuwa bai taɓa zubarwa ba. Da can a gwangwani yake tarawa, yanzu a wani fayil. Bai san dalili ba. Hannunsa ne dai ba ya yarda.

Babban editan gidan dogo ne siriri, kullum da agogon ƙirga sakan rataye a wuyansa yana auna maganar kowa, shi ya sa ake ce masa Sikeli. Dokarsa guda ce: in ana rigima tsakanin ɓangare biyu, kowa sakan arba'in zai samu, ba talatin da tara ba, ba arba'in da ɗaya ba. Gwamnati ta taɓa tsare shi kwana tara, 'yan adawa sun taɓa farfasa masa gilashin mota, kuma yana ba da labarin biyun da murmushi iri ɗaya. Mutum ne mai gaskiya. Agogon nan ya hana a rufe gidan ba sau ɗaya ba, kuma Baba Reza ya yarda da shi kamar yadda ya yarda da hannunsa.

Zanga-zangar da aka yi kan tsadar rayuwa ta kwana uku lafiya. A na huɗu aka cinna wa layin shagunan da ke kusa da shataletale wuta, aka wawushe kantin magani, aka yi wa wani ɗan sanda dukan da har yau ba ya gani da ido ɗaya. Duk wannan ya faru, kuma duk an ɗauka: ƙarar gilashi, ihu, rurin wuta, kukan mai kantin. Bayan la'asar soja suka rufe hanya, suka kori 'yan jarida, layin waya ya ɗauke awa biyu. Abin da ya faru a tashar bas cikin awa biyun nan ba shi da sauti a ko'ina. Da Baba Reza ya bi ta wurin washegari da safe, ya tarar an wanke daɓen tashar fes, yana ƙamshin sabulu, abin da bai taɓa gani ba tun da aka gina ta. A bakin kwata wani ya jera takalma, wari-wari, babu mai ɗan'uwa. Masu wucewa suna kauce musu ba tare da sun kalla ba.

Wakiliyar gidan ta kawo masa murya biyu da hantsi. Ɗaya ta kakakin soja, wanda ya ce sama aka yi harbi, ba a kashe kowa ba, waɗanda ake nema kuma ɓarayi ne da suka tsere da kayan mutane. Ɗayar ta matar wani direban bas ce. Ta kai wa mijinta abinci, tana tsallaken titi ta ga ya sauko ya buɗe ƙofar baya don fasinja su samu su gudu, ta ga ya faɗi, ta ga an ɗauke shi hannu da ƙafa an jefa a babbar mota. Maganarta ta kai kusan minti uku, amma kalmomin ba su da yawa. Takan faɗi uku ko huɗu, sai layin ya miƙe, ya yi ta tafiya, sannan wani ɗan dutse ya taso.

Ya ji daɗin hakan, don ba sai ya taɓa mata kalma ko ɗaya ba. Ya cire shirun kawai, ya matso da duwatsun kusa da juna, ya goge bakin ɗinkin. Ya wanke ta kakakin ma da irin wannan kulawa. Da aka sa su a labaran rana, Sikeli ya danna agogonsa sau biyu, ya nuna wa kowa. Arba'in, arba'in. Ya ce ko alƙali iyakarsa ke nan.

Da yamma Baba Reza ya tsaya aski. Zancen da ake yi a shagon ke nan. Wani mai gyaran fanka ya ce matar nan ta fi mai karanta labaran iya karatu, a ba ta aikin kawai. Mai askin ya ce shi da uwarsa ta rasu kwana biyu ya yi bai iya haɗa magana ba, amma wannan ta ga an harbe miji jiya, yau tana zuba kamar famfo. Haddacewa aka ba ta, in ji su, kuma wanda ya rubuta mata ya iya aikinsa. Aka yi dariya. Da fari har wani ɗan daɗi ya ratsa shi, irin na ma'aikacin da ba a ga ɗinkinsa ba. Sai da aska ta taɓa bayan wuyansa ya ji sanyin ya sauka har cikinsa.

Washegari ya riga kowa zuwa. Ya rufe ƙofofin biyu, ya buɗe fayil ɗin ragowa, ya jera shirun matar ɗaya bayan ɗaya. Minti biyu da sakan goma sha ɗaya. Ya ƙure ƙarar, ya sa abin ji a kunne.

Ashe ɗaki ne cike. Akwai famfo yana ɗiga a wani wuri daga hagu. Akwai makullai da ake juyawa a tafin hannu, a hankali, kamar ana lallashinsu. Akwai numfashin matar, yana hawa ya maƙale, ya sauko da ƙyar. Akwai na wakiliya, wanda ya sani sarai, shekara shida yana yanke shi. Sannan akwai na uku. Numfashi ne mai nauyi, da ɗan siririn fito a ƙarshensa, kusa da bango, kuma duk sanda matar ta maƙale shi ma sai ya tsaya, ya jira ta.

Ya tambayi wakiliya su nawa ne a ɗakin. Ta ce su biyu, ita ta rufe ƙofar da hannunta. Bai ƙara tambaya ba. Amma kwana goma yana jin numfashin nan a bayan kowace murya da ya wanke, har a bayan muryar mai hasashen yanayi. A gida matarsa ta lura ya daina motsa yatsa. Ta ce in ciwo ne ya faɗa, in kuma tuba ya yi ta gode wa Allah.

Ranar Talata da safe mai gadi ya leƙo ya ce wata tsohuwa tana zaune a benci tun da aka buɗe gida, ta ce ba edita take nema ba, wanda ya taɓa muryar surukarta take nema. Aka shigo da ita. Ƙarama ce, ta dogara sanda, mayafinta ya koɗe. Ta tsaya tsakiyar ɗakin tana maida numfashi, kafin ta ce uffan ya ji fiton nan a ƙirjinta. Gashin jikinsa ya tashi, sannan ya kwanta. Ya ja mata kujera.

Uwar direban ce. Ranar da aka yi hirar tana bayan labule a kan tabarma, ba ta motsa ba don kada ta ɓata musu aiki.

"Ɗan nan, ni na ji abin da yarinyar ta faɗa da kunnena. Kalmomin nata ne, ban ce kun ƙara ba. Muryar ma tata ce. Amma wace ce kuka saka a rediyo?"

Ya ce, "Ita ce, Inna."

"Ba ita ba ce. Waccan ba ta rasa kowa ba."

Sai ta gaya masa abin da ya kawo ta. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike, yana zama a zauren wata tsohuwar makaranta, yana rubuta sunayen waɗanda suka mutu. Da surukarta ta je ba da shaida, lauyan soja ya kunna sakan arba'in ɗin nan a gaban kowa, ya ce a saurara da kyau, haka mai ciwo ke magana? Aka juyo ana kallon bakinta, ana jira a ji ko za ta sake zuba haddar. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Tun ranar ko a gida da hannu take nuni. Kwamiti ya ajiye shaidarta gefe, sunan direban kuma yana nan a jerin ɓarayin da suka tsere. Jibi Alhamis za a rufe littafin. Ta ce ba gawa take roƙo ba, ta cire rai da wannan. Jikokinta biyu suna makaranta, so take in an tambaye su ina ubansu, su san abin da za su ce.

Bayan ta tafi ya daɗe yana kallon gilashin. Sannan ya buɗe ragowar kakakin, wadda bai ko waiwaya ba tun ranar. Sau biyar mutumin ya maimaita jawabinsa. Ga ƙarar takarda ana juyawa. Ga wata murya ƙasa-ƙasa daga gefe tana tuna masa ya ce sama aka harba. Ga dariya bayan ya yi tuntuɓe a layi na uku. A ƙarshe kuma ga shi yana tambaya, cikin fara'a, ko ya yi, ko ya ƙara ɗan tausayi. Duk Baba Reza ya share waɗannan, don aikinsa ke nan, kuma abin da ya rage murya ce mai natsuwa, mai ɗan rawa daidai inda ya kamata.

Ya kira Sikeli ya kunna masa duka biyun. Sikeli ya saurara a tsaye, hannunsa riƙe da agogon, bai danna ba. Da aka gama ya yi bayani a tsanake, kamar mai karanta wa kansa. Ɗanyen sauti ba ya fita daga gidan nan, dokar ta girme su duka. Mutane suna yarda su yi magana ne don sun san ba za a tona tarinsu da kuskurensu ba. In aka buɗe na mutum ɗaya yau, gobe soja za su zo su ce a buɗe na duk wanda ya taɓa yin magana a ɓoye, kuma ba zai sami bakin hana su ba. Baba Reza ya san duk gaskiya ne.

"Ka ƙara mata kalma?" in ji Sikeli.

"A'a."

"Ka rage masa?"

"A'a."

"To ina rashin adalcin?"

"Shi na cire masa takardar da yake karantawa. Ita na ɗora mata wadda ba ta da ita."

Sikeli ya zauna a kujerar da tsohuwar ta tashi. Can ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ce zai fita cin abinci, bai ga komai ba, bai ji komai ba. In kuma sautin nan ya bayyana a wani wuri, da hannunsa zai rubuta takardar kora, kuma ba zai yi kuskuren rubutu ba. A bakin ƙofa ta biyu ya tsaya, bai juyo ba, ya ce in za a kai, a kai duka biyun. Kada a kai ɗaya.

Ranar Laraba Baba Reza ya kai wa magatakardan kwamitin sunansa a matsayin mai shaida. Kafin ya iso gida wayarsa ta yi ƙara sau uku, lambar ba ta fito ba. Duk sanda ya ɗauka ba a magana. Wanda ya kira bai san wa ya kira ba, don shi shiru ba ya ɓoye masa komai. Ya ji fanka mai lanƙwasasshen fiffike, ya ji takalmi mai nauyi yana taka siminti, ya ji mutum biyu, ɗaya yana tauna wani abu. A kira na uku ya ji rediyo can ciki, tashar gidansu ce, ana sa muryar da ya wanke da safe.

Bai ɓoye wa matarsa ba. Ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta jona dutsen guga, ta ɗauko farar rigarsa. Ta tambaya ko fanshon zai tafi, ya ce mai yiwuwa. Ta goge hannun rigar ɗaya, ta juya ɗayan.

"Shekara talatin da huɗu kana yankan mutane ba ka taɓa ganin jini ba," ta ce. "Je ka gani, Malam. Amma ka ci abinci tukuna, kada ka faɗi a gaban jama'a a ce ni ce."

Ranar Alhamis ya isa zauren makarantar, mai dogayen tagogi, rana tana shigowa ta kwanta a kan bencina. A ƙofa soja huɗu ne, sun rufe fuskokinsu da baƙin ƙyalle, idanu kawai ake gani, da rana tsaka. Mutane sun cika, amma kowa da raɗa yake magana. Shugabar kwamitin tsohuwar alƙaliya ce mai tabarau a kan hanci. A benci na biyu Baba Reza ya hango tsohuwar, kusa da ita wata mace siririya da ta sunkuyar da kai. Bai taɓa ganin fuskarta ba, shi da ya san yadda take haɗiye yawu.

Ya faɗi aikinsa da abin da ya yi, bai ƙawata ba. Ya roƙi a bar shi ya kunna duka biyun yadda aka ɗauko su, na kakakin a gaba. Da aka zo wurin tambayar ƙarin tausayi, wani ya yi dariya a baya, dariyar ta mutu ita kaɗai. Lauyan soja yana ta rubutu bai ɗago ba.

Sannan muryar matar ta fito daga lasifika. Ta ce ta kai masa abinci. Shiru. Shugabar ta dubi lasifikar ta saman tabarau, ta dubi Baba Reza, ya girgiza kai alamar ba lalacewa ta yi ba. Magatakarda ya ɗaga alƙalami yana jira. Famfo yana ɗiga a cikin zauren da babu famfo. Ta ce ya sauko. Shiru, dogo, har aka ji wani benci ya yi ƙara, aka ji tsuntsu a rufi. Ta ce ya buɗe musu ƙofa. Daga nan ba wanda ya ƙara motsi. Mutum ɗari biyu suna zaune a cikin ɗakin wata mata da ba su taɓa shiga ba, suna jiranta ta samu numfashi. Ɗaya daga cikin sojan ƙofa ya juya ya fuskanci waje.

Da ya ƙare, lauyan ya miƙe ya ce ba a tabbatar da sahihancin sautin ba, mutumin da ya amsa da bakinsa cewa ya iya yanka, ai ya iya ƙari. Shugabar ta ce wannan magana ce da za a duba, za a ba ƙwararru su bincika, soja kuma su kawo amsa a rubuce. Ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce kafin nan a cire sunan direban daga jerin waɗanda suka tsere, a shigar da shi cikin matattu, amma da fensir.

Magatakarda ya buɗe babban littafin, ya nemi a faɗi cikakken sunan. Tsohuwar ta buɗe baki, sai surukarta ta dafa mata gwiwa. Ta miƙe tsaye. An daɗe ana jira, ba wanda ya gaggauta ta. Ta faɗi sunan mijinta, da na ubansa, murya a dushe, ta koma ta zauna.

Baba Reza yana naɗe wayar lasifika ya ga tsohuwar ta taso da sandarta, ta ratsa gaban teburin shugabar ba tare da neman izini ba, ta tsaya a kan magatakarda. Ba ta iya karatu ba, amma ta sunkuya har mayafinta yana taɓa takardar, tana bin bakin fensirin da ido.

"Danna da ƙarfi, ɗan nan," ta ce. "Danna yadda ko sun goge, gurbin zai zauna."

Magatakardan ya dubi shugabar. Ta mayar da tabarau kan hanci, ta dubi taga. Ya koma farkon sunan ya sake bi ta kansa, harafi bayan harafi, har bakin fensirin ya karye a na ƙarshe.